Furar Mai'adua da Taraktar Baure

Lahadi: daga gida zuwa Daura

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na turo babur daga zaure, ban tayar da shi ba sai da na wuce ƙofar Yaya Lawal. Ba tsoronsa nake ji ba, amma rabon da ya yi mini magana kwana goma sha ɗaya ke nan, tun ranar da na kai shanun huɗarmu biyu kasuwa. Fari da Gajere sunansu, kuma su ne suke nome gonata da tasa shekara shida. Na haɗa kuɗinsu da na gyaɗa da ɗan abin da na tara, na ce tarakta zan saya, ko da tsohuwa ce. Abin da Yaya ya ce kawai shi ne, "Sani, in ruwa ya sauka ba shanu ba ƙarfe, sai ka ɗaura mini garma a wuya."

Ga shi kuwa hadari ya fara leƙowa daga gabas kowace yamma. In na dawo da gawar ƙarfe, gonaki biyu za su kwana ba huɗa bana. Duk da haka, wallahi zuciyata fari ƙal take, har waƙa nake yi a kan babur.

Daga ƙauyenmu zuwa Daura kilomita goma sha biyu ne. Na yi sallar asuba a masallacin unguwar su Habu, can bayan Kusugu. Habu ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma bakanike ne da ya yi shekara talatin a ƙarƙashin taraktoci, har ana ce masa Habu Sifana. Ya fito da wata jakar buhu da ƙarafa ke kuka a ciki, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wannan babbar rigar fa? Ɗaurin aure za mu?"

"Mutumin da zai sayi tarakta ai ba ya tafiya kamar kai."

"To angon ƙarfe, mu je."

Muka sha shayi da burodi a bakin tasha, na nuna masa a waya, karo na goma, hoton taraktar da nake so, wadda ake sayarwa a wajen Mai'adua. Ja ce jawur, tana sheƙi. Ya ce shi ya fi son mu fara zuwa wajen Baure, akwai wata da ya sani. Na ce atafau sai ja.

Mai'adua

Ƙarfe bakwai da rabi muka ɗauki hanya, ni ina tuƙi, shi a baya. Ranar kasuwar Mai'adua ce, hanya cike da motocin dabbobi da babura masu ɗauke da raguna a kwando. An tsayar da mu sau biyu. A shinge na biyu jami'in ya buɗe jakar Habu, ya ga sifanu da tocila da wani farin tsumma, ya ce, "Baba, ina aka nufa da kayan aiki?" Habu ya ce, "Rakiyar wani za ni, kada a sayar masa da fenti." Jami'in ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

A Mai'adua na kau da kai daga karar shanu, don kada in hango Gajere a hannun wani. Muka saki kwalta muka bi burji kilomita tara zuwa ƙauyen Alhaji Ado, mai jar tarakta. A nan ne na gaya wa Habu, cikin alfahari, cewa tun jiya na buga wa Alhaji waya na ce ƙarfe goma muna tafe.

Sai da ya dafa kafaɗata na tsaya. "Ka gaya masa lokaci?"

"To da fa? Haka kawai za mu faɗa wa dattijo gida kamar 'yan haraji?"

"Allah ya shirye ka, Sani. Ja mu je."

Tun daga nesa muka jiyo kukanta. Tana tsaye a ƙofar gida a kan wani ɗan tudu, an wanke ta tas, har tayoyin an goge. Ni dai da na gan ta sai da na ce masha Allah da ƙarfi. An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Kafin mu gama gaisawa an kawo fura da nono mai sanyi a ƙwarya, da zabi biyu soyayyu. Alhaji Ado mutum ne mai fara'a, ya ce, "Bisimilla, baƙo ba ya ciniki da yunwa."

Habu ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ni sai na gama ɓata hannu." Ya tashi da jakarsa. Na ji kunyar abin da ya yi, don haka na ci rabona na ci nasa. Furar nan kuwa ban taɓa shan irinta ba.

Ina sha ina kallonsa. Ya sa aka kashe injin. Ya tambayi inda take kwana, aka nuna masa wata rumfa. Ƙasan rumfar an zuba sabon yashi; ya sa ƙafa ya tona, sai ga ƙasa baƙi ƙirin da mai. Ya dawo ya zaro sandar awon baƙin mai ya shafa a farin tsummansa, ya shinshina. Ya kwanta a ƙasa da tocila, ya ƙanƙare fenti da farce a jikin ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba, ya daɗe yana kallo. Ya sa aka sake tayar da ita, ya cire murfin da ake zuba mai, sai ga hayaƙi yana fitowa fuf-fuf kamar tukunyar dambu.

Alhaji ya matso kusa da ni. "Malam Sani, ka gani da idonka. Akwai wani daga Zango da ke nema, amma kai ka riga shi zama a tabarmata. Mu ce an sallama?"

Jama'a, ga ƙashin zabo a gabana, ga maiƙo a bakina. Yaya zan dubi mutumin nan in ce a'a? Na buɗe baki, har na ce, "To, Alhaji, in Allah ya yarda..." sai Habu ya faɗo tsakani yana goge hannu. "In Allah ya yarda za mu kwana mu yi shawara. Kuɗin ba nasa ne shi kaɗai ba."

A hanyar komawa ban yi masa magana ba sai da muka hau kwalta. Na ce ya kunyata ni. Ya ce, "Kai ka kunyata kanka. In baki ya ci, ido ke jin kunya. Ba a cin abincin mai kaya sai an gama duba kaya. Kuma ba a gaya masa lokaci, don tsohon inji da sanyin safiya yake faɗar gaskiya. In ya yi zafi, ko mushe ma tashi yake." Na ce zato ne kawai yake yi wa bawan Allah. Ya ce to mu kwana a Mai'adua, gani ya kori ji. Muka sauka a shagon wani abokinsa mai faci.

Litinin da asuba

Ƙarfe shida saura muka kashe babur a bayan gari, muka ƙarasa da ƙafa. Abin da na gani ba zan manta ba. Ga jar amaryata a saman tudun nan, ga direba a kai, ga ƙarti shida sun kafa kafaɗa a bayanta, har da Alhaji Ado da kansa ya naɗe riga yana cewa, "Ku tura! Ku tura!" Ta gangaro tana tari, ta yi wata irin atishawa, ta turnuƙe unguwar da hayaƙi fari da shuɗi. Ashe amfanin tudun ke nan.

Alhaji ya juyo ya gan mu. Ya tsaya, muka tsaya. Can sai ya fashe da dariya ya ce, "Malam Sani, yau ba ka bugo waya ba." Ni ma dariyar na yi, amma na tuna saura ƙiris jiya in miƙa kuɗin Fari da Gajere a kan wannan. Muka gaisa, muka rabu lafiya.

A hanya Habu ya warware mini abin da ya gani. Shuɗin hayaƙi, inji na shan mai ne. Fari mai kauri da ba ya washewa, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Man da ya shafa a tsumma ya yi fari-fari kamar an zuba madara, alamar ruwa ya gauraya da shi ke nan. Ƙarfen gaba kuma ya taɓa karyewa, aka yi walda aka rufe da fenti. "Kyan ɗan maciji ne da ita," in ji shi. "Yanzu kawo wayarka." Ya jefa ta cikin jakar sifanu.

Daura, Zango, Baure

Muka ajiye babur a garejin Habu a Daura, muka shiga ƙaramar mota ƙarfe tara da kwata, mu huɗu a baya. Direban ya ce an yi yayyafi a wajen Zango shekaranjiya. Lallai da muka wuce Zango sai ga mutane jefi-jefi a gonaki suna sassabe da ƙona kara. Kowane mai shanu da na hango sai in ji kamar Yaya Lawal ne ke kallona. Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci muka sauka a Baure, muka hau acaɓa biyu, kilomita bakwai cikin yashi, zuwa ƙauyen Baba Mamman.

Shi Baba Mamman tsohon manomi ne da ƙafa ta fara gagara, 'ya'yansa kuma duk sun koma birni. Muka yi sallama ba sanarwa, ni ina ta sunkuyar da kai. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce, "Madalla da ba ku aiko ba. Ga ta can, rabonta da tashi tun Juma'a. Ruwa kawai za a ba ku, tuwo sai kun gama." Habu ya dube ni, na yi kamar ban gani ba.

Da na ga taraktar, raina ya ɓaci. Fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa ga launinta. Kujerar an ɗaure ta da igiya an ɗora buhu, kaza ma ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Na raɗa wa Habu, "Wannan zan shiga da ita gari?" Ya ce, "Ba girin-girin ba, ta yi mai. Zo ka taɓa."

Na sa bayan hannu a jikin injin, sanyi ƙalau. Ƙasan da take tsaye ba a share ba, ɗigon mai bai fi girman kwabo ba. Man da ya shafa a tsumma baƙi ne mai tsabta. Ya buɗe lagireto, inda ruwan sanyaya inji yake, ruwa garau, ba maiƙo. Sannan ya hau ya murɗa makulli.

Bugu ɗaya! Ta ɗan fesa baƙin hayaƙi, ya washe, ta kama kuka a natse, dum-dum-dum, ba tsalle ba tari. Wallahi ban san lokacin da na cire hula na yi kabbara ba.

Habu bai ko yi murmushi ba. Ya leƙa lagireto yana neman kumfa, bai samu ba. Ya kafa dogon sukundireba a jikin injin, ya manna kunne a ƙotarsa yana saurare. Ya girgiza sitiyari ya ga iya wasansa. Ya bi tayoyin baya da tafin hannu yana neman tsaga, don ya ce kuɗin guda ɗaya ya isa ya sa mutum kuka. Ya shiga kowace giya ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko za ta fice da kanta. Ya taka birki ya saki kuloci a hankali a babbar giya, injin ya nemi mutuwa nan take, ya ce kulocin na da rai. Baba Mamman yana zaune a kan turmi yana faɗar aibinta da bakinsa: birkin hagu ya yi sanyi, fitila ɗaya ba ta kamawa, tayar gaba ta dama ta kusa.

Aka ɗaura mata haro, wato faya-fayan nan masu kaftar ƙasa. Habu ya ɗaga shi sama, ya kashe injin, ya tsinke kara ya auna tsakanin haron da ƙasa, ya sa karan a aljihu. "Mu je mu yi azahar. In mun dawo ya sauka, hannunta na baya ya mutu, kuma tarakta da ba ta riƙe garma amalanke ce."

Allah ya yafe mini sallar nan, don rabin hankalina yana wajen haro. Muna sallamewa na riga kowa fita. Habu ya zo ya kafa karansa. Bai sauka ko da faɗin yatsa biyu ba.

"Sani," ya ce, "saya."

Murna ta ɗebe ni. Na tattare babbar riga na haye, na ce bari in gwada ta a gonar bayan gida. Na taka totur har ƙasa, na saki kuloci gaba ɗaya, gabanta ya yi tsalle. Na zaga gonar sau uku da gudu, ƙafata a kan kuloci, ƙura na tashi, ina ɗaga wa mutane hannu. Na dawo na kashe ta nan take, tana huci.

Baba Mamman ya miƙe da sandarsa. "Sauko, ɗan nan." Na sauko ina washe baki. Ya ce, "Kun gama dubawa?" Muka ce mun gama. Ya ce, "To ni ma na gama. Ba zan sayar maka ba. Shekara goma sha tara tana hannuna ba wanda ya taɓa yi mata haka. A hannunka ba za ta ga kaka ba. A kawo musu tuwo. Ni ban ci naku ba, ba na jin kunyar cewa a'a."

Tuwon dawa ne da miyar kuka, amma ban san ɗanɗanonsa ba. Habu ya roƙa, tsoho ya ce a bar maganar. Da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta kaɗa shi ya wuce. Na zauna a zaure na rasa inda zan sa kaina. Ba ja, ba koɗaɗɗiya, ba shanu. Ban taɓa jin na tsani hannuna da ƙafata kamar ranar ba.

Bayan magariba tsohon ya zo ya zauna kusa da ni. Ya tambayi inda na samo kuɗi, na gaya masa komai, har maganar Yaya. Ya ce, "Shanun nan, in za ka fita da su, me kake fara yi?" Na ce ruwa da dusa, sannan in duba kofato da wuya ko karkiya ta ji musu. "In kun tashi daga aiki fa?" Na ce sai sun huce a inuwa kafin su sha. Ya ce, "Ashe ka sani." Ya tashi ya shige gida.

Talata

Ana idar da asuba na ari bokiti. Ban tashi Habu ba. Na duba ruwan lagireto na cika, na zaro sandar mai na duba, na kwance matatar iska na kakkaɓe kamar yadda na ga Habu ya yi, na zaga tayoyi huɗu, na cire wata ƙaya. Na kwashe ƙwan kazar na ajiye gefe. Ban hau ba, don ba tawa ba ce. Ina juyowa sai na ga Baba Mamman a bakin ƙofa da carbi. Ban san tun yaushe yake nan ba.

Ya miƙo makulli. "Tayar da ita, ka bar ta ta yi ɗumi. Ƙafarka kuma ka sauke ta daga kuloci, ba matashi ba ne."

Na yi layi biyu a gonar, a hankali, kamar ina bin Fari da Gajere. Na dawo na bar ta ta huce kafin in kashe. Ya ce, "A kira mai unguwa."

Aka yi ciniki gaban shaidu uku. Habu ya gwada lambar da ke jikin injin da ta takarda, harafi bayan harafi, aka rubuta takardar sayarwa kowa ya sa hannu. Tsoho ya ƙara mini da akwatin sifanunsa kyauta. Da za mu tashi ya dafa murfin injin, sannan ya juya mana baya ya ce mu tafi kada rana ta yi.

Komawa gida

Ƙarfe tara da rabi muka fito, ni a kan buhu, Habu a kan marfin taya yana riƙe da hula. Tafiyar da mota ta yi cikin awa biyu, mu sai da muka yi biyar. Muka sha mai a Baure, muka ci ɗanwake a Zango. A wani shinge aka karɓi takardu aka duba, jami'in ya ce, "Alhaji, wannan ai ta girme ni." Na ce, "Ranka ya daɗe, kuma bugu ɗaya take tashi." Duk wanda muka wuce sai na danna masa ham, har Habu ya ce zai sauka ya bi ƙafa.

Na sauke shi a Daura, na bar babur a wurinsa, ya mayar mini da wayata, ya ce in na kuskura na yi mata fenti kafin in gyara birki, shi da ni ne. Ƙarfe huɗu da rabi na shiga ƙauyenmu, hadari a bayana. Jama'a suka fito, mata na leƙe ta kan katanga. Yaya Lawal bai fito ba. Na kai ta turken da Fari da Gajere suke kwana, na bar ta ta huce, na kashe. Kafin magariba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Habu Sifana, duk da bakinsa, da Baba Mamman da ya duba ni kamar yadda muka duba kayansa. Alhaji Ado ma na gode, furarsa dai ba ta da aibi.

Washegari da asuba na fito da bokitina, ƙasa ta jiƙu sharkaf, sai na tarar an riga ni. Yaya Lawal ne tsaye a turken, riƙe da tsohon bokitin da yake shayar da shanu, yana zaga ta yana neman inda ake zubawa. Ya ji motsina, bai juyo ba.

"Sani," ya ce, "ina bakin nata yake?"

Na nuna masa. Ya zuba da hannunsa. Gonarsa muka fara.